Kujerar Miƙar da Baya

An yi wani kafinta da ake ce wa Na-Sani. Ba iyaye ne suka raɗa masa sunan ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ko mafarkin da ka yi jiya ka fara ba shi labari, kafin ka kai tsakiya zai ɗaga hannu ya ce, "Na sani." Shagonsa na tsakanin na tela da na mai walda. Sana'ar kuwa ya iya ta daidai gwargwado. Teburin da ya yi, in ka cusa masa ɗan kwali a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, yakan tsaya cak kamar na kowa.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a maƙogwaro, wato surukinsa. Tsohon direban babbar mota ne, ga kaifin harshe. Tun ranar da wani benci da Na-Sani ya yi masa ya baje da baƙi a kai, tsohon bai ƙara kiransa da komai ba sai "Mai Ƙusa." A gaban mutane, a gaban yara, ko'ina. Na-Sani yakan yi dariyar yaƙe, amma ya yi rantsuwa a ransa sai ya yi abin da tsohon nan zai miƙa masa hannu biyu.

Ana nan sai ciwon baya ya kama tsohon, ya zama daga gado sai kujera, kujerar ma sai an kama shi. Matar Na-Sani ta ce, "Baban yara, yau ka ajiye gudumar nan ka raka Baba asibiti. Auta ta ce a kai shi ta ɗauki hoton bayan." Auta ƙanwarta ce, a ɗakin ɗaukar hoton ƙashi take aiki, kuma ita da mijin yayarta ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da an yi tsiya ba.

Da aka gama, Auta ta liƙa hoton a jikin fitila. Na-Sani ya matso, ya zare fensir daga bayan kunne, ya kanne ido ɗaya yadda yake duba katako.

"Auta, wannan bayan Baba ne?"

"Nasa ne."

"Ruwa ya taɓa shi."

"Wane irin ruwa kuma, Yaya?"

"Ba ki gani ba? Nan ya shiga, nan ya fita, nan ya sake shiga. Ko katakon da ya kwana a kwata bai kai wannan kanannaɗewa ba."

Auta ta yi dariya. "Haka ƙashin baya yake in an dube shi ta gefe. Ƙananan ƙasusuwa ne a jere, bakwai a wuya, goma sha biyu a bayan ƙirji, biyar a ƙugu, sauran sun haɗe a ƙasa. Lanƙwasar ce ke shanye nauyi. Ita ta sa in ka yi tsalle ƙwaƙwalwarka ba ta girgiza, in dai akwai ta."

"Na sani," in ji shi, amma idonsa ya riga ya koma kan wani ƙoƙon kai na roba da ke kan kabad. Ya ɗauko, ya bi wasu layuka masu kama da haƙoran zarto da farce. "Wannan kuma faɗuwa ya yi ya tsattsage?"

"Mahaɗar ƙasusuwan kai ce. Ajiye mini kayan aiki. Kowa haka nasa yake."

Likita ya rubuta wa tsohon magani, ya ce ya riƙa tashi yana tattaki, yawan kwanciyar ne ke ƙara sandarar da shi. Tsohon ya ce ya ji, alhali bai da niyya. Na-Sani kuwa duk bai ji wannan ba. Kalma huɗu ce ta shige masa kunne ta ƙi fita: kowa haka nasa yake. A hanyar komawa duk wanda suka wuce sai ya bi bayansa da kallo. Ashe duk garin a karkace yake, kawuna duk a tsage, likitoci sun gani sun yi shiru don ba su san aikin matsi ba.

Washegari ya tara maƙwabta a ƙofar shago. "Allah ya yi mu a miƙe," ya ce, "mu muka lanƙwashe kanmu da zama. To ni katako nawa na miƙar a rayuwata? A ɗaure shi a jikin madaidaici, a matse, shi ke nan."

Tela ya ce, "Ai an ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Wannan maganar waɗanda ba su da kayan aiki ce."

Ya duƙufa. Ya samo katako mai kauri, miƙaƙƙe sambal, ya yi majingina. Ya huda rami a tsakiyar mazauni, wai don ɗan ƙashin nan na can ƙasa ya samu wurin sauka in baya ya miƙe ya ƙara tsawo. Ya sa bel biyu na tsohuwar mota, ɗaya a ƙugu ɗaya a ƙirji. Mai walda, wanda ba ya ƙin duk abin da zai kawo dariya, ya haɗa masa sandar ƙarfe a baya mai naɗe bel ɗin, da haƙora masu hana ta komawa, ya liƙa mata tsohon sitiyari a matsayin mariƙi. A sama Na-Sani ya ɗaure tsohuwar hular kwano ta masu babur da noti, don ta riƙe ƙoƙon kai kada tsagar ta buɗe lokacin matsi.

Sai allo. Da guntun fenti ya rubuta da hannunsa: GYARAN KASHI, ZAMA DAYA.

Tela ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya goge. "Maƙwabci, ka manta ƙugiyar kan harafin K ɗin nan. Ƙashi ake rubutawa da lanƙwasa."

"Ban manta ba. Ni da lanƙwasa mun raba gari. Mai miƙar da mutane ba zai lanƙwasa harafi ba."

Mutum na farko da ya zo wani ne riƙe da ciki, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya dubi allo, ya dubi kujera da raminta, fuskarsa ta washe. Ya ce ya kwana biyu abin ya ƙi. Na-Sani ya ce ya sani, ya zauna kawai. Mutumin ya zauna, ya dubi masu wucewa, ya rage murya.

"Malam, ba ɗan labule?"

"Labulen me? So nake kowa ya gani."

Mutumin ya miƙe ya kama hanya, ko waiwaye bai yi ba. Mai walda sai da ya kashe injinsa ya zauna a ƙasa don dariya.

Da masu zuwa suka ƙi zuwa, Na-Sani ya koma kan tela. Shekarun da bawan Allah nan ya yi a duƙe kan keke sun sa masa ɗan doro. Na-Sani ya yi ta binsa, safe da yamma, yana ce masa har matarsa sai ta kasa gane shi, har dai tela ya gaji ya zauna don a ƙyale shi. Aka ɗaure, aka sa hula, aka murza sitiyari. Tela ya ce wash. Aka ƙara. Ya ce numfashi. Na-Sani ya ce alamar aiki ke nan, katako ma ƙara yake yi. Da aka kwance shi ya tashi a sandare, kai a sama kamar mai neman jirgi, wuya ya ƙi sunkuyawa. Ranar da lalube ya yi ɗinki, ya sa wa wani wando aljihu a gwiwa. Mai wandon ya zo ya yi masa tatas, tela yana kallon rufi yana ba da haƙuri.

"Ka ga yadda ka yi kwarjini kuwa?" in ji Na-Sani ta taga.

"In wuyan nan ya sauko, kai zan fara gani," in ji tela.

Sai mahaucin bakin layi, ƙato ne wanda in ya tsaya a ƙofa sai an kunna fitila. Shi don musu ya zo.

"Kafinta, ni kullum sai na sare gadon bayan rago. Ban taɓa ganin miƙaƙƙe kamar sanda ba."

"Shi ya sa yake tafiya da ƙafa huɗu. Haka kake so ka ƙare?"

Mahauci ya zauna don ya ƙaryata shi. Aka murza, aka murza, bai ji komai ba. Ana cikin haka garin katako ya shigar masa hanci, ya yi atishawa guda. Bel ɗin ƙirji ya tsinke, kan ƙarfensa ya yi tsalle ya fasa madubin tela.

Da wani ne, da ya bari daga nan. Na-Sani cewa ya yi laifin bel ne. Ya sa mai walda ya musanya su da sarƙa, ya naɗe ta da tsumma. Sannan ya bi layi shago-shago yana shelar cewa gobe da hantsi surukinsa da kansa zai hau kujera, wanda ya gagari asibiti, kowa ya zo ya ga yadda ake aiki.

Matarsa ta tare shi a tsakar gida, hannu a ƙugu. "Baban yara, uba ɗaya gare ni."

"Na sani."

"In ka sani, ka bar mini shi yadda yake. Tela har yanzu da cokali matarsa ke ɗura masa ruwa."

"Tela raki gare shi. Ke dai ki tanadi bakin godiya."

Abin mamaki, da aka gaya wa tsohon sai ya ce zai zo. Zaman ɗaki ya ishe shi, kuma ya ji labarin wandon.

Da safe Na-Sani ya share ƙofar shago, ya fito da kujera tsakiyar layi, ya ciro allon ya kafa shi a saman majingina don na nesa su gani. Ya tuna kan tsohon ƙarami ne, sai ya yanko soso ya liƙa a cikin hular. Gam ɗin nan mai ƙarfi na liƙa fata ya zuba, bai yi rowa ba.

Hantsi na yi layi ya cika. Aka kawo tsohon a mota, 'yarsa na riƙe da shi, yana takawa a duƙe da sanda. Ya zagaya kujerar a hankali, ya ƙwanƙwasa katakon, ya leƙa ramin, ya karanta allon. Da ya zo kan sitiyarin sai ya shafa shi kamar ya ga tsohon aboki.

"Mai Ƙusa."

"Na'am, Baba."

"Mu a aikinmu, direba ba ya ɗaukar kaya sai ya taka birki ya ji. Ka taɓa hawanta?"

"Ai ni lafiyata ƙalau, Baba. Ku ne dai…"

"Ba ka ce kowa a karkace yake ba? Ko kai ba kowa ba ne?"

Tela, wanda wuyansa ya fara saukowa, ya ce, "Ashe wanzami ba ya son jarfa." Jama'a suka ɗauka. Na-Sani ya dubi matarsa, ta ɗauke kai. Ya ga in ya ja da baya, Mai Ƙusa zai bi shi har kabari. Ya gyara riga, ya hau, ya ce, "Ku kalla da kyau, sau ɗaya zan nuna." Mai walda ya zagaya masa sarƙa, ya danna masa hular har kunne. Wani abu mai sanyi ya tsattsafo daga soson ya bi gashinsa.

"Ni zan tuƙa," in ji tsohon. Ya miƙa wa 'yarsa sanda, ya kama sitiyari da hannu biyu.

Murzawar farko Na-Sani ya yi murmushi. Ta biyu ya ce, "Kun ji yadda ƙugu ke shiga layi." Ta uku murmushin ya bushe a fuskarsa.

"Baba, ya yi haka."

"Me ya ce?"

"Ya ce ku ƙara," in ji tela.

Tsohon ya tattare hannun riga. Jikinsa ya tuna kwanar tudu da kaya a baya, ya karkata kafaɗa ya murza da gaske. Sarƙa ta yi ƙara, idon Na-Sani ya firfito.

"Baba, baya. Ku yi baya."

"Motar taka ba ta da ribas," in ji tsohon, ya gwada murzawa ta ɗaya ɓangaren da ƙarfi. Wani abu ya ce ƙas. Sai ga sitiyari a hannunsa shi kaɗai, ya rabu da sandar.

Nan take kowa ya zama gwani. Mahauci ya ja sarƙa, kujerar ta tashi da mai ita gaba ɗaya. Mai walda ya ruga ya jawo injin yanka ƙarfe, yana sa shi a soket aka ɗauke wuta. Wani ya kama hular zai cire, Na-Sani ya yi wata ƙara da bai san yana da ita ba, don gam ya riga ya ƙulla zumunci tsakanin soso da gashi. Tela ya shiga shago ya fito da babban zarto, yana gwada haƙoransa da yatsa.

"Bari in yanke katakon ta baya."

"Kada ku ba shi," in ji Na-Sani da ɗan numfashin da ya rage. "Lakar bayana na nan kusa. Mutumin nan yana da manufa."

"Ai a miƙe zan yanka."

Matarsa ta kira Auta a waya, ta gaya mata abin da ake ciki. Sai da Auta ta gama abin da take yi a ɗaya gefen, wanda ya yi kama da tari amma ba tari ba ne, sannan ta ce, "Kada kowa ya ƙara jan kansa. Wuya ba katako ba ne. Ku kawo shi yadda yake."

Kujerar ta ƙi shiga mota. Aka aro amalanken mahauci, aka ɗora shi a kai, zaune ƙiƙam, hula a ka, gumi na zuba, jijiyar wuya ta tashi, ga allo a samansa. Haka aka ratsa layi aka hau babban titi. Duk wanda ya gani sai ya karanta allon, ya dubi ramin kujerar, ya dubi fuskar mai zaman.

"Allah sarki, har ya kai ga asibiti?"

"Ka sha ruwan ɗumi, bawan Allah."

"Zama ɗaya aka ce, ga shi har yanzu bai tashi ba."

Wata tsohuwa ta biyo su tana ba matarsa shawarar a rage masa cin busasshen abu. Matar ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Na-Sani ya so ya yi bayanin harafin, amma duk ramin da amalanke ya faɗa sai maganar ta koma ciki. Ba ya iya waiwaye, sai dai yana jin wata murya a bayansa tana ba da umarni: a kauce, a riƙe dama, a saki a gangara. Tsakanin umarnin kuma ana dariya har da shiɗewa.

A harabar asibiti Auta na jira da mai gyaran kayan wurin da almakashin ƙarfe. Ta zagaya amalanken sau ɗaya, ta tsaya a gabansa.

"Sannu da zuwa, Yaya. Motsa yatsun ƙafa in gani."

Ya motsa.

"Na hannu fa? To, lakarka lafiya. Ka gode wa lanƙwasar da ka raina, ita ta ƙi ba ka haɗin kai. Gashin dai sai haƙuri, da shi za a cire hular."

Ta ɗaga kai za ta kira masu sauke shi, sai ta tsaya. "Baba? Ina sandarku?"

Kowa ya juya. Tsohon na tsaye a bayan amalanken, hannu ɗaya a kan mariƙi, ɗayan riƙe da sitiyari, yana share hawayen dariya da kafaɗa. Ashe tun daga layi shi ke turi tare da mahauci. Ya dubi kansa, ya taɓa ƙugu, ya ɗan murɗa hagu da dama.

"Ikon Allah," ya ce. "Ya saki."

"Tattakin da likita ya ce ku yi ne kuka yi yau," in ji Auta.

Na-Sani bai ga abin da ke faruwa ba, amma kunnensa ɗaya na waje. Ya tattaro sauran numfashinsa, ya ɗaga yatsa daga cikin sarƙa.

"Jama'a, ku shaida. Ko hawa bai yi ba. Kusa da ita kawai ya tsaya."

Mai almakashi ya riga ya sa bakin ƙarfen a sarƙa. Matar Na-Sani ta dafa hannunsa.

"Dakata tukuna, Malam," ta ce. Ta juya ga ƙanwarta. "Auta, masu ciwon baya nawa ke kan layi a ciki? A fito da su su zagaye shi. Tunda daga nesa take aiki, ai bai kamata a sauke shi da wuri ba."